Yadda na gyara matsalar malaman sa-kai lokacin yankan riɗi

Makarantarmu ta yara a Gadarif, wani gari a gabashin Sudan, ranar Asabar take zama, malamanta kuma duk 'yan sa-kai ne, ba mai karɓar ko sisi. Da watan Oktoba ya kama sai aji ya watse. Na daɗe ina ganin kamar sakaci ne, har wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson fashewa yake, ya zube ƙasa." Ashe malaman suna gonaki, can suke kwana, abincin shekararsu ke nan.

Sai na daina tuhumarsu. Na zauna da kowa, na rubuta makonnin da zai tafi. Kowane aji na ba shi malamai biyu, manomi ɗaya da wanda ba ya noma, yawanci mata da 'yan kasuwa. Na ajiye littafi a aji, mai koyarwa ya rubuta surar da aka tsaya, don kada yara su yi ta maimaita abu ɗaya.

Bana tun daga yankan riɗi har aka gama girbin dawa, Asabar ɗaya ba ta wuce mu ba.