Idan Aka Yi Wa 'Yar Sa-kai Fyaɗe A Ƙasar Da Ba Tata Ba: Matakan Da Ƙungiya Za Ta Ɗauka

'Yar sa-kai da aka turo daga wata ƙasa ta koyar a makarantar ƙauye ko ta yi aiki a asibitin karkara ba ta da dangi a kusa, harshen garin bai gama zama a bakinta ba, dokar ƙasar ma ba ta san ta ba. Sau da yawa wanda ya ci zarafinta ba baƙo ba ne gare ta: abokin aiki ne, ko wani daga gidan da aka sauke ta, ko mai babur ɗin da ya saba ɗaukarta, ko ɗan sa-kai ɗan'uwanta. Ke nan ƙungiyar da ta kawo ta ita ce uwa, ita ce uba. Maza ma ana yi musu, kuma sun fi ɓoyewa, don haka duk abin da ke ƙasa ya shafe su.

Hukumar Peace Corps ta Amurka, mai tura 'yan sa-kai aiki a ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1961 kuma Ghana ce ƙasar farko da ta karɓi mutanenta, ta koyi wannan darasi da tsada. A 2009 wata 'yar sa-kai mai suna Kate Puzey, mai koyar da Turanci a ƙauyen Badjoudé a arewacin Jamhuriyar Benin, ta rubuta wa ofishin hukumar cewa wani malami yana lalata da ɗalibai mata, ta roƙi a sakaya sunanta. Sirrin ya fita. A watan Maris na shekarar aka tsinci gawarta a gidanta. A Nuwamban 2011 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta wajabta wa hukumar buɗe ofishin masu tsaya wa waɗanda aka zalunta, da horar da jami'ai na musamman a kowace ƙasa, da samar da hanyar kai rahoto a asirce. Ƙaramar ƙungiya ma za ta iya kwaikwayon ginshiƙan wannan tsari.

Rabin aikin tun kafin wani abu ya faru ake yin sa. A ware mutum biyu aƙalla, ɗaya mace, a horar da su, a ba su lambar waya da ake ɗauka dare da rana. A je asibitocin da ke kusa da kowane wurin aiki ƙafa da ƙafa, a tambaya ko suna da maganin kariya daga HIV a ajiye, ko akwai likita ko unguwarzoma mace, da wanda ke riƙe da makullin ɗakin magani ranar Lahadi. Sunan asibiti a takarda ba ya warkar da kowa. A duba masaukin da ido: sakata daga ciki, ƙarfe a taga, nisan makewayi da ɗaki, da mutanen da ke da wani makullin. A nemi lauya tun yanzu, a ajiye kuɗin mota da na asibiti waɗanda za a iya fitarwa ba sai an rubuta dalili a fom ɗin da akanta da sakatare za su karanta ba. Idan kuma 'yar sa-kai ta ce wani yana bibiyarta ko yana ƙwanƙwasa mata ƙofa da dare, a sauya mata wuri ba tare da an ce ta kawo shaida ba.

Idan wayar ta shigo, tambaya uku ta isa da farko: “Inda kike yanzu babu haɗari? Kin ji rauni? Wa kike so ya zo wurinki?” Sai a ce mata a fili, “Na yarda da ke, kuma ba laifinki ba ne.” Kada a tambaye ta me ya fitar da ita da dare, ko me ta sa, ko ta sha giya. Tambaya ɗaya irin wannan kan rufe bakinta har abada. Kada a matsa mata ta ba da labarin daki-daki. Wanda ya shiga firgici irin wannan yakan tuna abu a gutsure, ya sa na baya a gaba, kuma hakan ba alamar ƙarya ba ce. Direban da za a tura, a ce masa kawai ba ta da lafiya.

Daga nan agogo ne ke mulki. Maganin kariya daga HIV, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Ana shan sa kullum har kwana 28. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so shi ne tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Kada a tsaya jiran a gano ko maharin yana da cutar. Inda aka fi samun matsala shi ne a ba ta na kwana kaɗan a ce ta dawo, alhali ƙauyenta tafiyar yini ce, sai maganin ya yanke a tsakiya. A karɓo na kwana 28 gaba ɗaya.

Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5, ƙwaya ɗaya ce. Ya fi aiki a kwana uku na farko, ana iya ba da shi har kwana biyar. Idan ta yi amai cikin awa biyu da sha, a sake ba ta. Likita zai ƙara da maganin cututtukan sanyi ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, yawanci allurar ceftriaxone da azithromycin ko doxycycline, sai metronidazole. Magungunan nan idan suka haɗu suna tayar da zuciya, saboda haka a nemi maganin hana amai, ana kuma iya jinkirta metronidazole zuwa wani lokaci. A duba katin rigakafinta: idan ba ta kammala allurar ciwon hanta nau'in B ba a fara, idan akwai yanka ko ƙujewa a duba ta tetanus. A tambaye ta ko an shaƙe ta. Dashewar murya ko wahalar haɗiya bayan shaƙa abin gaggawa ne ko da babu tabo a wuya. Idan ta zo bayan awa 72 sun wuce, har yanzu akwai sauran kulawa da yawa. Kada a sallame ta.

Game da shaida, a gaya mata cewa in za ta iya, kada ta yi wanka ko ta wanke baki ko ta sauya kaya kafin likita ya duba ta. In ta riga ta yi wanka, kada a nuna mata ta yi kuskure. Kayan da ta sa, har da kamfai da zanen gado, a sa kowanne daban a ambulan ko jakar takarda. Leda tana riƙe laima, laima kuma tana ruɓar da shaidar. Idan tana zargin an sa mata wani abu a abin sha, a tari fitsarinta na farko a kwalba mai tsabta, domin wasu ƙwayoyin kan ɓace daga jiki cikin 'yan awanni. Ba a taɓa jikinta sai da izininta a kowane mataki, kuma tana da ikon cewa a tsaya. Abin da ake kira gwajin budurci ba shi da tushe a likitanci. A ƙi shi.

Zuwa wurin 'yan sanda shawararta ce, ba ta darakta ba. A tsarin Peace Corps, mutum na iya kai rahoton sirri ya samu magani da mai ba da shawara da bayanin shari'a ba tare da an buɗe bincike ba, daga baya in ya so ya mayar da shi rahoto na fili. Kafin ta zaɓa, lauya ya faɗa mata gaskiyar ƙasar: tsawon lokacin da shari'a ke ɗauka, ko za ta tsaya gaban wanda take tuhuma, ko asibiti zai sanar da hukuma ko ba ta so. A wasu ƙasashe dokokin zina, ko na giya, ko na luwaɗi idan namiji ne aka yi wa, kan juyo kan wanda ya kai ƙara. A Ghana sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta, wato DOVVSU, ne ke karɓar irin wannan ƙara, ya ba da fom ɗin da likita zai cika. A ƙasashe rainon Faransa takardar shaidar likita ce ginshiƙin ƙarar. Kada ta shiga caji ofis ita kaɗai, kuma tafinta ya zama na ƙungiya, ba ɗan garin da ya san maharin ba. Ofishin jakadancin ƙasarta ma sai ta amince ake sanar da shi. Iyayenta haka.

Sirri kuwa, a rubuce ake tsara shi: wa da wa za su sani, kuma don me. Kada sunanta ya shiga rukunin WhatsApp na ma'aikata ko rahoton wata-wata. Idan manyan gari suka zo da batun sulhu, a girmama su, amma kada a shirya zaman da za a haɗa ta da mutumin. In ma'aikacin ƙungiya ake tuhuma, a dakatar da shi daga aiki, a raba shi da fayiloli da sauran 'yan sa-kai har a gama bincike. Kuma a rubuta a dokar ƙungiya cewa wadda ta kawo rahoton fyaɗe ba za a hukunta ta don ta sha giya ko ta bar wurin aiki babu izini ba, domin tsoron kora ne ke hana da yawa magana.

Bayan kwanakin farko a shimfiɗa mata zaɓi: ta koma wurin aikinta, ko a sauya mata gari, ko ta tafi gida jinya ta dawo, ko ta ajiye aikin da takardar yabo. Gaggawar sa ta a jirgi don “lafiyarta” sau da yawa ji take kamar kora. A sa ranakun komawa asibiti bayan mako biyu, wata ɗaya, wata uku da wata shida, a yi gwajin ciki idan al'ada ta yi jinkiri, a maimaita gwajin HIV. Rashin barci da firgita a makonnin farko abu ne da aka saba gani; idan suka wuce wata ɗaya suna hana ta harkokinta, tana bukatar ƙwararre a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, in ta ambaci kashe kanta kuma ba a jira ko kwana ɗaya. Idan ta koma ƙasarta, ta tafi da kwafin takardun asibiti da ragowar maganinta, da sunan mutum ɗaya a ƙungiyar da zai riƙa sanar da ita inda shari'a ta kwana, da takarda mai sa hannu da ta bayyana wanda zai biya kuɗin jinya da tsawon lokacin da zai biya.