Yadda ake kula da taron masu haɗa wasannin kwamfuta

Shekara uku ke nan ina aikin sa-kai a wani ɗan taro da muke yi, inda matasa masu sha'awar haɗa gem na kwamfuta da na waya suke haɗuwa daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Lahadi, kowane rukuni ya fito da wasansa cikin awa 48. Tsarin mun aro shi ne daga Global Game Jam, taron haɗa wasanni na duniya, wanda aka fara a watan Janairun 2009 da mutum sama da 1,600 a ƙasashe 23, shi ma ya ɗauki darasi daga wani taro da ake yi a Denmak tun 2006. A can ana sanar da maudu'i ɗaya ga kowa, kamar na 2020 da aka ce "gyara", kuma ba gasa ba ce. Mu ma haka muke yi. Ni ba na haɗa wasa a waɗannan kwanaki. Nawa aikin kula da mutane ne, kuma ga yadda nake yin sa.

Tun ran gini ran zane. Kafin kowa ya kunna kwamfuta, ka tsaya a gaba ka karanta dokoki da bakinka, domin takardar da aka liƙa a bango ba mai duba ta. Namu ba su wuce rabin shafi ba: babu cin mutunci, wasa ake suka ba mai wasa ba, duk wanda ya sa hannu a aiki sunansa zai fito, duk mai ƙorafi ga wanda zai samu. Ka nuna mutumin da yatsa, kowa ya ga fuskarsa. Kuma lallai a samu mace cikin masu kula. Yarinyar da wani ya dama da surutun banza ba za ta taso ta same ni ba, sai dai ta haɗa kayanta ta tafi gida, ba kuma za mu sake ganin ta ba.

Sai maganar mallaka, wadda ake jin nauyin tayarwa tun farko, alhali ita ce ke raba abokai daga baya. Mun taɓa samun rukunin mutum huɗu da suka yi wasa mai kyau. Bayan mako biyu, wanda fayilolin ke cikin kwamfutarsa ya saki wasan da sunansa shi kaɗai, yana cewa ai shi ya rubuta manhajar. Wadda ta zana hotunan kwana biyu ta yi tana aiki, amma ba ta da ko kwafi ɗaya a hannunta da za ta nuna. Tun daga ranar, kowane rukuni sai ya rubuta sunayensa da aikin kowa a takarda ya ba ni ajiya, kuma kafin a tashi kowa ya kwafi dukkan fayilolin a filas ɗinsa. Waɗanda suka iya Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ina matsa musu su yi amfani da ita, saboda tana ajiye tarihin wanda ya canza abu da lokacin da ya canza. A Global Game Jam ana ɗora wasanni ne ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa zai iya saukewa ya koya, amma haƙƙin mallaka yana hannun waɗanda suka yi. Ka bayyana wa mutane wannan da Hausa, a hankali.

Haka kayan aro. Sabon shiga yana ganin duk hoto ko kiɗan da ya samu a intanet nasa ne. Ka koya musu bambancin lasisi biyu na Creative Commons: CC0, wanda aka sallama wa kowa, da CC BY, wanda dole a ambaci mai shi. Wani shafin intanet mai suna Kenney yana ba da dubban hotunan wasa a kan CC0, can nake tura su. Waƙar mawaƙi kuwa, komai daɗinta, ba ta shiga sai da izininsa.

Inda aikin yake da gaske shi ne lokacin nuna wasa. Daren Asabar na shekarar farko, wani yaro da bai fi shekara goma sha shida ba ya juyo da kwamfutarsa, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi da aka ɗaure cajarta da salatif. Wasansa akuya ce ke tsallaka titi tana kauce wa a-daidaita-sahu. Aka danna, akuyar ta yi taku uku, ta nutse cikin ƙasa ta ɓace. Wani babba a cikinsu, wanda ya fi kowa iya aiki, ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai ba gem ba ne." Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ga yaron ya kai hannu zai rufe murfin.

Na je na durƙusa kusa da shi na ce, "Ƙanena, bar ta a buɗe. Nuna mini yadda ka yi tafiyar akuyar nan." Ya nuna. Hotuna huɗu ne da ya zana da kansa, har da kaɗa bindi. Sai na juya ga babban na ce, "Yaya, kai da ka sani, me ya sa take nutsewa?" Ya leƙa, minti biyu bai cika ba ya gane cewa ba a sa wa ƙasar abin da ke tare jiki ba. Ya nuna masa inda ake sawa, akuyar ta tsaya da ƙafafunta. Ban yi wa babban faɗa a gaban mutane ba, da na yi da girman kai ya hana shi taɓa kwamfutar. Sai da muka fita wurin mai shayi na gaya masa cewa maganarsa ta kusa korar yaron daga wannan harka gaba ɗaya. Ya yi shiru, ya ce bai ɗauka ta kai haka ba.

Daga nan muka sa wa sukar wasa tsari. Mai wasan ne zai fara faɗin abin da yake son a duba masa. Mai gwaji ya buga ba tare da an yi masa bayani ba, mai wasan ya zauna a baya ya kama bakinsa, ko da yana ganin ana ta danna maɓallin da ba shi ba, domin wannan ruɗewar ita ce darasin. Bayan nan mai gwaji ya faɗi abin da ya faru da shi: "na mutu sau biyar a wuri ɗaya ban san abin da ya kashe ni ba." Irin wannan magana ana iya gyara da ita. "Bai yi kyau ba" ba ta da inda za a kama. Idan wani ya furta ta, kada ka tsawata, tambaye shi kawai, "A ina?" Ka yi ta tambaya har sai ya nuna wurin. A Ludum Dare, wani taron haɗa wasa da ake yi ta intanet tun 2002, mahalarta ne ke buga wasannin juna su ba da maki. Mun ɗauki rabin wannan: ba mai sukar wasan wani sai ya buga shi, makin kuwa mun bar musu.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa, ta injin haɗa wasa, wato manhajar da ake gina wasa a cikinta. Ta ƙara zafi bayan Satumban 2023, da kamfanin injin Unity ya sanar da cajin masu haɗa wasa kuɗi a kan kowace saukewar wasansu, abin da ya janye a Satumban 2024. Masu amfani da injin Godot, wanda aka buɗe wa kowa kyauta a 2014, suka samu abin faɗa. Ka bar su su yi, akwai ilimi a ciki. Ka shiga ne kawai idan ka ji ana raina wanda ya zo da manhaja mai sauƙi irin Scratch ko GDevelop don ba ya rubuta dogon umarni.

Idan mutum ya karya doka, mataki na farko magana ce tsakaninku, a gefe, ka faɗa masa takamaiman abin da ya yi da lokacin da ya yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ya sake, ku je ku biyu, a rubuta. Na uku ya tattara kayansa. Abu biyu ba sa bin wannan tsani: barazana da taɓa mutuncin mace, waɗannan nan take ake fita. Ranar da za ka gane ko dokar tana aiki ita ce ranar da mai laifin ya zama abokinka, ko wanda ya ara muku janareto. In abokinka ne, janye, bar wa ɗan'uwanka mai kula ya yanke. In mai janareto ne, ka yanke, ku nemi wani janareton.

Kada ka riƙe aikin kai kaɗai. Mu uku ne, muna karɓa-karɓa na awa shida. Rigima ta fi tashi bayan biyun daren Asabar, lokacin da barci ya cika ido, wasa bai tashi ba, ga rigimar soket da caji. Mai kulan da bai runtsa ba tun Juma'a shi ne zai fara ɗaga murya. Ku sa lokacin salla da na abinci a jadawali, a tashi gaba ɗaya, kuma waɗanda ke komawa gida su tafi kafin dare ya yi nisa, ka tabbatar sun samu abin hawa.

Ranar Lahadi wajen nuna aiki, minti biyar kowane rukuni, ka riƙe agogo da kanka. Ni ina farawa da sababbi, tun mutane suna da sauran kuzarin tafi, ƙwararru su zo a ƙarshe. Wasan da bai kammala ba shi ma a nuna shi, su faɗi inda ya tsaya. Da an watse, kafin a kwashe kujeru, ku masu kula ku zauna minti ashirin ku rubuta a littafi: wace rigima ta taso, ƙarfe nawa, me aka yi, wace doka ce ba ta yi aiki ba. Ban da sunan wanda ya kawo ƙorafi, wannan ba ya shiga. Littafin kuma ya kwana hannun wanda zai jagoranci taro na gaba.