Ga masu son shuka malmo a fadama

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Wanda duk yake da fili a bakin rafi ko fadamar da ruwa ke kwanciya, har mangwaro ya ƙi zama, to ya gwada malmo. Bishiya ce ta kurmi da bakin ruwa, jiƙewar ƙasa ba ta damunta, saiwarta kuma tana riƙe gaɓa kada ruwa ya zaizaye ta.

Inda mutane ke yin asara shi ne wajen iri. Ƙwallon malmo ba ya jure ajiya ko kaɗan. In ka shanya shi a rana kamar yadda ake yi wa irin kuka ko ɗorawa, ka kashe shi ke nan. Ka tsinko 'ya'yan da suka nuna sosai, waɗanda suka yi baƙi-baƙi da ɗan ja, suna rina yatsa in ka matse su. Ka sha naman, ka wanke ƙwallon, ka binne shi ran nan ko kashegari a leda mai ƙasa da taki, ba da zurfi ba. A ajiye a inuwa, kada ƙasar ta bushe. Cikin 'yan makonni za ka ga tsiro. Dashe sai damina ta kankama, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Masu amya ma su lura, zuma na son furensa ƙwarai.

Amma don Allah a bar saƙe-saƙin ɓawonsa ana sha barkatai da sunan maganin ciki, yawansa na cutarwa. Kuma sassaƙe ɓawon zagaye da gindi yana kashe bishiyar gaba ɗaya.