Idan Jinya Ta Daɗe Har Zuciya Ta Gaji

Mai sikila, mai ciwon ƙoda, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, duk akwai ranar da ƴan dubiya ke janye ƙafa, ya rage daga shi sai tabarma da ledar magani. A nan ne "ina ma in huta" ke shigowa. Kada a ce masa imaninsa ya yi rauni. Wannan magana bakinsa kawai take rufewa.

Kai mara lafiya, fara da salla, don idan ta kuɓuce mutum yakan ga kamar Allah Ya juya masa baya. Ba sallar mai lafiya aka ɗora maka ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini cikin Buhari ya ce a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance bisa gefe. In ruwan sanyi na tayar da ciwo, musamman da hunturu, a ɗuma shi. In ruwan ma ba ya yiwuwa, a yi taimama, a aje dutse mai tsabta kusa da matashin kai.

Kai kuka ga Allah ba rashin haƙuri ba ne. Annabi Ayuba ya yi, ga shi a Suratul Anbiya, aya ta 83. Riƙe ta ita kaɗai bayan kowace salla. Wuridi mai tsawo kwana uku za ka yi ka bari, sannan ka zargi kanka. An hana fatan mutuwa, amma an koyar da madadinsa: ka roƙi Allah Ya raya ka muddin rayuwa ce alheri gare ka.

In baƙin ciki ya kai mako 2 ba sassauci, barci ya ɓaci, abinci ya fita rai, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A faɗa wa likita a CSI, wato ƙaramin asibitin gari ko unguwa, ko babban asibitin Maraɗi, ɓaro-ɓaro. Maganinsa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, shi ya sa da yawa ke yar da shi tun satin farko. Tofi da addu'a su tafi tare da shi. Tramol na masu talla kuwa, ciwo na biyu yake ƙarawa.

Ke ko kai mai jinya, tambayi mara lafiyar kai tsaye: "Baba, kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta saka tunanin a zuciya. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai ko da dare, a fitar da maganin ƙwari na gona da na ɓera daga gidan, a riƙa ba shi ƙwayoyin yini ɗaya kawai, a kai shi asibiti ranar.

Sannan a ba shi aikin da wani ke jira: sauraron haddar yara bayan magariba, ko ɓarar gyaɗa tiya ɗaya. Dangi su raba kwanakin dubiya, kowa da ranarsa, kada su taru duka ran Juma'a sauran kwana shida ɗaki ya yi tsit.