Kamun Kirafi a Tafkin Kentucky Lokacin Kaka: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Kirafi kifi ne na ruwan daɗi a Amurka, mai faɗin jiki kamar karfasa, namansa fari fat. Daga cikin wuraren da ya yi suna akwai tafkin Kentucky, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a kan kogin Tennessee a 1944. Tsawon tafkin ya kai mil 184, ya ratsa jihohin Kentucky da Tennessee. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba kifin yana cin ƙugiya sosai, jama'a ma sun ragu a kan ruwa domin da yawa sun koma farauta. Duk da haka sai ka ga mutum ya wuni ya dawo hannu rabbana. Laifin ba na tafki ba ne.

Babban kuskure shi ne mutum ya koma inda ya yi sa'a a watan Afrilu. A Afrilu kirafi yana matsowa bakin gaɓa ne don ya yi ƙwai, sai ka kama shi a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Da kaka ba ƙwai ne a gabansa ba, cikinsa yake bi. Ƙananan kifayen da ake kira shad suna yin ayari su shiga rassan tafkin idan ruwa ya fara sanyi, irin su Big Sandy da Blood River da Jonathan Creek, shi kuma yana biye da su. Saboda haka kafin ka jefa ƙugiya, ka nemi shad tukuna. Duba na'urar hangen ƙasan ruwa, ko ka lura da inda saman ruwa yake ɗan motsi da safe, ko inda tsuntsaye suke shawagi suna sura. Inda babu shad, kada ka ɓata lokacinka.

Akwai kuma abin da baƙi ba sa lura da shi sam: ruwan tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hukumar TVA mai kula da madatsar tana rage shi a hankali daga ƙafa 359 sama da teku a lokacin zafi zuwa 354 a lokacin sanyi. Ƙafa biyar ke nan. Masuntan yankin suna kafa turaku a ƙasan ruwa, suna nutsar da rassan itace, domin kifi ya samu mafaka. To, turakun da suke tsaye a ruwa mai zurfin ƙafa bakwai a Yuni, zuwa Nuwamba kawunansu sun leƙo waje, kifi ya daɗe da barin wurin. Wanda ya adana wurin a na'urarsa ya dawo ya tsaya a kansa yana jira, shi da wanda bai zo ba duk ɗaya. Gyaran shi ne ka duba tsayin ruwa na ranar kafin ka fito, sannan ka ja baya zuwa ruwa mai zurfin ƙafa 8 zuwa 15, musamman gefen tsohuwar hanyar rafi da tafkin ya rufe, inda ƙasa take gangarawa nan take. Wannan ragin ruwa yana kuma matso da kututture da tudun yashi kusa da sama, don haka a bi alamun hanya, a rage gudun inji.

An samu kifin ma, sai a yi kuskuren zurfi. Kirafi sama yake kallo idan zai ci abinci, ba ya sunkuyawa ya bi abin da yake ƙasa da shi. Idan garken yana ƙafa 10, ka tsayar da ƙugiyarka a ƙafa 9. Mutane da yawa suna sakin zare har dalma ta taɓa ƙasa, ƙugiya ta wuce kifin, ta je ta maƙale a reshe. Ka riƙa ƙirga zaren da kake saki, idan kifi ya ci ka riƙe wannan lissafin, don sauran 'yan uwansa suna nan a daidai wannan zurfin.

Kaya masu nauyi ma suna hana kamu. Siririn zare mai ɗaukar fam 4 zuwa 6 ya wadatar, da ƙaramar ƙugiya mai kan dalma da jelar roba, ko ɗan kifi mai rai. Cinsa ba ya da ƙarfi. Wani lokaci ɗan motsi kawai za ka ji, wani lokaci ma zaren ne zai yi sako-sako domin kifin ya ɗauki ƙugiyar ya yi sama da ita. A nan ne zumuɗi yake jawo asara: fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, fizga ɗaya da ƙarfi ta yage. Ɗaga sanda za ka yi a hankali, kada ka bar zare ya saki, idan babba ne ka sa koma ka kwaso shi. Ni dai ban ga amfanin ɗago babban kirafi a iska ba, nauyin jikinsa kaɗai ya isa ya cire ƙugiyar.

Kada kuma ka auri wuri ɗaya. Ka ba shi kamar minti goma sha biyar, in shiru ne ka tashi. Sai dai ranar da iskar sanyi ta sauko daga arewa, gari ya washe tas, kifin yana lafewa cikin rassa ya yi kasala. Ranar sai haƙuri: ka sa ƙugiya a tsakiyar rassan, ka riƙe ta kusan ba motsi.

Iskar arewan nan ba ta wasa ba ce. Tafkin a miƙe yake daga kudu zuwa arewa, iska tana samun fili ta tayar da igiyar ruwa da za ta iya kifar da ƙaramin jirgi, ga ruwan ya yi sanyin da zai sandarar da gwanin iyo cikin ɗan lokaci. Rigar ceto a jiki ake sa ta, ba a ƙarƙashin kujera ba.

Saura batun doka. A wannan tafki, kirafin da bai kai inci 10 ba mayar da shi ruwa ake yi, kuma mutum ɗaya ba ya wuce guda 20 a rana. Ka tafi da abin awo, kada ka dogara da ido, sannan ka tabbatar lasisinka ya shafi ɓangaren da za ka shiga, tunda jihohi biyu ne suke da iko da ruwan.