Kafin ka yanki tikiti, duba ranar da ake rufe wurin

Jama'a, masu shirin fita hutu, ga wani abu da ake yawan mantawa da shi: manyan wuraren da ake zuwa kallo ba kullum suke buɗe ba.

A Faris, babban birnin Faransa, gidan tarihin Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Fadar Topkapi ta Istanbul ma, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna, Talata a kulle take. Babbar kasuwar birnin kuwa, mai rumfunan darduma da zinariya, Lahadi take hutu. In kwana uku kacal gare ka a garin, kuskure ɗaya ya isa ya dagula maka lissafi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tsibirin Bali na Indonesiya. Ranar Nyepi, sabuwar shekarar mabiya Hindu na can, wadda galibi take faɗowa a watan Maris, komai tsayawa yake cak har awa 24. Ba a fita titi, ba a kunna fitilu barkatai, filin jirgi ma rufe shi ake yi. Baƙo dole ya zauna cikin otal ɗinsa. Wasu don wannan shirun suke zuwa, amma mai kwana biyar ya yi asarar guda.

A Santorini ta Girka kuma, faɗuwar rana ake zuwa gani a ƙauyen Oia. Ka isa tun la'asar, in ba haka ba ƙeyar mutane za ka kalla.