Maƙwabtaka da bariki: kurakuran da unguwannin Jos ke yi

Masu zama kusa da barikin Rukuba, hedikwatar Runduna ta Uku ta sojojin ƙasa, sukan ce ai a inuwar soja suke kwana. Wannan ne kuskure na farko. Soja ba ya motsi sai da umarni daga sama, kuma barikin da makaman cikinsa zai fara karewa. A kan hanyar Rukuba aka tare matafiya aka kashe ranar 14 ga Agustan 2021, har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Ya kamata kowace unguwa ta yi nata tanadin: abinci da ruwa da maganin masu hawan jini na 'yan kwanaki, da sanin gidan da ke da unguwarzoma.

Wanda ya fi damuna shi ne ba mai tambayar ina za a nufa in haɗarin daga cikin barikin ya taso. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ya fashe, mutum fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu ba bam ne ya same su ba. Gudun ruɗewa ne ya kai su magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse, da yawa mata da yara. Mai unguwa da limamai da fastoci su zauna su fitar da hanya biyu ta ficewa da filin haɗuwa guda, a bi da 'yan makaranta ta nan da rana tsaka su gani da idonsu. A kuma naɗa mutum ɗaya da za a riƙa jin sanarwa daga bakinsa, don saƙon WhatsApp ba ya da uba.

Wasu kuma kan kwamanda guda suke ɗora komai: "Oga ya san mu." To, Oga fa ana iya sauya masa wurin aiki gobe. Duk abin da aka cimma, ko kan ruwan burtsatse ko hanyar zuwa gona, a rubuta, a ajiye kwafi a wajen hakimi da ƙaramar hukumar Bassa, inda barikin yake. Haka batun fili: kar a aza tubali kusa da shingen bariki ba takarda, ba a kuma ga taswirar iyaka ba.

'Yan kasuwar Mami, wato kasuwar bariki, su rage ba da bashi da jingina da albashin soja kaɗai. In aka tura bataliya Borno, ciniki da littafin bashin tare suke tafiya, sai wanda ya riga ya nemi kwastomomi a Farar Gada ko Terminus.